Mama Rifkatu da Tsohuwar Kwamfutar Makafi

Ranar Laraba kwamfutar makarantar makafi ta unguwarmu, Hayin Banki, ta mutu, kuma ni Tukur direban makarantar ni na kashe ta. Tana tsakiyar aiki na zare filoginta na saka na famfon ruwa. Da aka sake kunna ta, sai ƙas-ƙas kawai, allo baƙi ƙirin.

Kwamfutar ta haura shekara ashirin da biyar. Ita kaɗai ke iya juya injin da ke huda takarda da rubutun makafi, don sababbi ba su da ramin da wayarsa ke shiga. An taɓa gwada abin haɗi na kasuwa, injin ya ƙi. Ranar Litinin kuwa jami'in jarrabawar shiga sakandare zai zo da tambayoyi a rufe, a huda su a gabansa. In injin bai tashi ba, yara tara sai baɗi. Umaima 'yata tana cikinsu.

Masu gyara uku suka duba, duk suka ce a zubar. Shugaban makaranta, Malam Datti, ya ce saura mutum ɗaya, tana Badarawa.

Rifkatu Ayuba ta yi shekara talatin da huɗu a aikin gwamnati. Da tafireta ta fara, ta ƙare ita ake kira duk ofishin da kwamfuta ta yi gardama. Tun da ta yi ritaya, kullum in ta gama addu'ar safe ta share tsakar gida, sai ta buɗe ɗakin baya inda ta jera kwamfutocin da ofisoshi suka yar, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana kunnawa, wai zaman banza ke kashe su. Mai shagon magani a Rigasa ya shaida ita ta dawo masa da tasa bayan an ce ta gama yawo. Wata Islamiyya a Kawo, kwamfutoci shida da yara ke koyo da su duk daga ɗakin nan suka fito. Ba ta da allon talla, ba ta da shago.

Da ta buɗe cikin tamu ta kai fuskarta har kusa da ƙarfen, ta ce faifan da ke riƙe da komai ya tafi. Ta tambayi wa ya yi aikin. Na ce ni ne.

"Malam Tukur, in ka tuƙa mota haka kake cire mata batir tana tafiya?"



Tana da wani tsohon faifai a ɗakinta, amma fanko ne. Sai an zuba masa abin da ta kira kanel, wato zuciyar da ke tashin kwamfuta ta gane sassanta. Na zamani ya yi wa tsohuwar kwamfutar nauyi, kuma ba ta da ƙarfin haɗa nata da kanta. Don haka a kan ƙaramar kwamfutarta ta hannu za ta haɗa shi, daidai da jikin tsohuwar. Ta ce in ɗauka tela ne ke ɗinka wa tsoho riga a wani gari, da awo kawai. Kafin ɗinkin akwai tambayoyi sun fi dubu, ko wace sai ta amsa e ko a'a: a saka wannan, a cire wancan. Bayan nan a jira awa huɗu ko biyar.

Wanda ta haɗa ranar Alhamis ya yi girma, tsohuwar ta shaƙe a hanya. Ranar Juma'a ta zauna tana ragewa, tana rufe idon hagu da tafin hannu tana karatu da na dama. Da la'asar allo ya kawo rubutu, Malam Datti har ya fara hamdala. Aka tura wa injin shafi ɗaya. Ko motsi. Ta koma ta bi layukan da yatsa, can ta tsaya. Layin ramin wayar injin ne, ta danna masa a'a. Ba ta gan shi da kyau ba.

A nan muka san yanar ido ce a idonta na hagu, ta nuna har ta fara ciwo. Akwai likitocin ido baƙi da suka zo aikin kyauta, an ba ta kati, Asabar da azahar za su tashi. An gaya mata in ta ƙara jinkiri idon na iya tafiya gaba ɗaya.

Asabar ƙarfe tara da safe Grace 'yarta ta shigo da katin a hannu, mai Keke na jira a waje. Mama ta ce ta riga ta ɗora na uku, sai ta ga abin da ya fito. Grace ta ce a je a dawo. Mama ta ce in aka yi aikin za a naɗe idon, a hana ta kallon allo kwanaki, kuma na daman ma lallaɓawa yake. In wannan ya ƙi, Lahadi kaɗai ta rage.

"Mama, idonki fa."

"Na ji. Sallami mai Keken."

Grace ta juyo ta kalle ni, tana jiran in sa baki. Gaskiya ita ce ban sa ba. Umaima ce a raina. Na sunkuyar da kai na ce bari in duba man janareta.

Da rana injin ya yi kuka ya fara huda. Aka kira malamar ajin, Hafiza, ta shafa takardar ta ce shirme ne, ɗigon sun hau kan juna. Injin ne ba ya iya bin saurin saƙon. Da a ce Mama ta tafi asibiti, da ba mai gane wannan. Lahadi tana tasowa daga coci ta zo da kayanta na ado, ta rage saurin, ta sake haɗawa. Wajen ƙarfe biyar Hafiza ta shafa sabon shafi ta karanta shi tiryan-tiryan. Litinin yara tara suka zauna jarrabawa. Bakwai sun ci, har da Umaima.

Mama Rifkatu, ke ce kika ɗauki abin da kowa ya ce shara ne kika sa shi aiki. Ke ce kika gyara ɓarnata ba ki ƙara yi mini gori ba bayan na farko. Ban yi karatu mai nisa ba, ɗana ma ya gyara mini rubutun nan, amma na san wanda ya yi mini. Na gode. Allah ya saka miki, ya tsare miki wanda ya rage.

Ku kuma matasan da ke cewa a zubar a sayi sabuwa, ɗakin nan na Badarawa a buɗe yake, kuma ta ce duk mai son koyo ya zo. Ku hanzarta, don yanzu sai an karanta mata ƙananan layuka.

Bayan mako uku aka samu aka kai ta wani asibiti. Likita ya haska idon hagun ya daɗe, sannan ya kashe fitilarsa ya ce an makara.