Ranar da Kawu Bello Ya Buga Golf da Albasa

Ɗazu ina shagon aski, talabijin na nuna wani ɗan barkwanci yana kwaikwayon attajirai, kofin gahawa a hannu, sandar golf a kafaɗa. Kowa na dariya, ni kuwa idona ya cika da ƙwalla.

Gidanmu na Aliero na tuno, farkon samun jihar Kebbi. Shekarar nan albasar da Baba ya adana ta ruɓe kaf. Ya daina hira, abinci ma sai Inna ta matsa masa.

Wata la'asar Kawu Bello, ƙanin Inna, ya dawo daga Jega, inda ya kalli hira da wani babban mutum mai shan gahawa da buga ƙwallon golf a talabijin. Ya ɗauko ƙotar fartanya, ya ajiye ruɓaɓɓiyar albasa a tsakar gida, yana kurɓar kunu yana yamutsa fuska, wai gahawa ce.

Baba ya ce, "Bello, mi kaka yi haka?"

Ya ce, "Golf nika bugawa, Malam. Manyan can ƙwallo guda ɗai gare su. Kai ko buhu-buhu gare ka, wa yak kai ka arziki?"

Ya kai duka, albasar ta fashe masa a riga. Baba ya yi ta dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce a kawo tuwo.

Su duka sun rasu, Allah Ya jiƙan su. Ina kewar tsakar gidan nan ƙwarai.

Ku a gidanku, wa ke sa ku dariya in abu ya yi tsanani?