Sabuni da Zane Biyu

Jiya a kasuwar Tasawa ina tayin busasshiyar kuɓewa, mai kayan ta dakata da awo ta ƙura mani ido.

"Madam, ba ke ce ta matanite ba?"

Na ce ni ce, har da murmushina. Shekara talatin ina karɓar haihuwa a matanite, asibitin haihuwa, na saba a tare ni da godiya.

Ta ce, "Shekarar da damina ta ƙi, zamanin soja, an kawo ni a amalanke daga Hawandawaki ina naƙuda. Kika ce ina sabuni da zane biyu? Zannuwana kuwa mun saida mun sayi hatsi. Kika ce in jira waje."

Dokarmu ce a lokacin, kuma na fi kowa riƙe ta.

"A ina kika haihu, baiwar Allah?"

"Gindin itacen bedi, bakin ƙofarku. Mai shara ta yanke cibi, ta kwance ɗankwalinta ta naɗe yaron."

Na kasa tambayar ko yaron ya rayu, ita ma ba ta faɗa ba. Ta ƙulle mani kuɓewata, ta ƙara gyara, ta ce in gaida gida.

Mako mai zuwa an gayyace ni Maradi, taron gyara dokokin aikin ungozoma. Na shirya maganar ƙarancin ma'aikata da rashin tsaron hanyoyin ƙauye. Yanzu da sabunin nan zan fara, kuma zan faɗi sunan wadda ta kori mai kuɓewar nan.

Abokan aiki, ku gaya mani tsakani da Allah: wa kuka taɓa cewa ta jira waje?