Fanka Ba Ta Shara

Kafin mai gadi ya gama buɗe ƙofar makarantarmu, Inna ta riga ta ɗaure zani ta ciko bokiti. Daga ofishin shugaba take farawa: ta buɗe tagogi, ta yayyafa ruwa, sannan ta sa tsintsiya. Shekara ashirin da shida ke nan. Mu malamai kan shigo mu tarar da tebura fes, mu zauna kamar aljanu ne suka goge. Jibi za ta ajiye aiki, ni kuwa na rantse ba za ta fita shiru ba.

A ofishin nan akwai laftof guda da ke ɗauke da sakamakon jarrabawar yara ɗari huɗu. A watan jiya laftof ɗin ta kama zazzaɓi. Da rana ta ɗaga sai ta hau huci, ta yi zafi kamar dutsen guga, ta ɗauke ɗif. Shugaba ya sayo mata wani faranti mai fanka biyu da shuɗiyar wuta, wai a ɗora ta a kai ta sha iska. Muka taru muna sa albarka. Kwana huɗu, ta sake somewa.

Kashegari ya shigo ya tarar da teburinsa tsirara. Jan ƙyallen nan mai gashi-gashi da uwargidansa ta ɗinka masa don shimfiɗa a tebur, an naɗe shi an ajiye kan kujera. Muna ɗakin malamai muka jiyo muryarsa, muka yo cirko-cirko a bakin ƙofa.

"Inna, wa ya taɓa mini tebur?"

"Ni ce, Malam. Ƙyallen nan ne ke shaƙe 'yar taka."

"Ikon Allah! Yaushe kika zama injiniya? Ba ki ga na saya mata fanka ba?"

"Na gani, har da wutar ado. Amma kullum ni ke goge bakin fankar, kullum jan gashi nake cirewa. Fanka ba ta shara, Malam. Ka kunna ta a ɗakin da ba a share ba, ka ga abin da za ta ɗura maka a hanci."

Wani a cikinmu ya fashe da dariya. Dariyar nan ce ta ɓata komai, don shugaba ba ya ɗaukar raini a gaban jama'a.

"Ki mayar da shi yanzu, ko ki ajiye makullan ofis ki kama gabanki."

Saura mako uku ta yi ritaya da mutuncinta. Kora a irin wannan gaɓa, da wane ido za ta kalli jikokinta? Ni dai ban ce uffan ba. Babu wanda ya ce. Inna ta jingine tsintsiya.

"Tebur naka ne, hannunka ma lafiyarsa lau, ka shimfiɗa abinka. Ni dai ba za a kashe wahalar yaran nan da hannuna ba. Kira mai gyara ya buɗe cikinta. In ƙarya na yi, ga makullai."

Ya kira, don ya kunyata ta. Mai gyara ya kwance bayan laftof ɗin, ya sa ɗan hantsaki, ya zaro dunƙulen jan gashi kamar abin cusa matashi.

"Yallaɓai, farantin nan ba shi da laifi, in hanyar iska a buɗe take yakan ɗan taimaka. Amma a kan wannan ƙyalle, ɗura yake mata. Wa ya gano?"

Shugaba ya hau gyaran hularsa. Har yau bai ba ta haƙuri ba, amma bai sake zancen makullai ba, kuma sakamakon yara ya fito a kan lokaci.

Inna, ke ce kika tsaya ranar da mu masu takardu muka sunkuyar da kai. Dutse a hanya, a kewaye ki ko a yi tuntuɓe! Na karanta labaran jarumai masu takubba har idona ya yi ja, ban taɓa jin tsigar jikina ta tashi kamar lokacin da kika jingine tsintsiyar nan ba. Ki yafe mana shirunmu. Mun gode, Allah ya ba ki hutu mai daɗi.

Ku kuma masu karatu, in na'urarku ta yi zafi, ku duba abin da kuka shimfiɗa mata kafin ku ruga kasuwa. In kuma kun san gaskiyar abu, ku faɗe ta ko da ana nuna muku ƙofar fita.

Jibi da hantsi Inna za ta miƙa makullan. Da kanta, a ranar da ta cika, ba don wani ya ce ta ajiye ba.