Kazar Catford da Rabon Jiha-Jiha

Kano

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba direba ya sauke ni a filin jirgi. Mu bakwai gwamnati ta tura kwas London, lokacin kuɗin mai na zuba kamar ruwan Agusta: Kanawa shida, sai Malam Ndagi, Banufe ɗaya tilo daga sabuwar jihar Neja. Jirgi bai ɗaga ba muka kaure da gardamar da ta cika ƙasa: a majalisar tarayya, kujeru daidai za a ba kowace jiha, ko bisa yawan jama'a?

Na ce, "Ndagi, duk jiharku ba ta cika Kasuwar Kurmi ba."

Ya ce, "Alhaji, giwa ma ƙafa huɗu gare ta, kamar akuya."

London

Mun sauka ƙarfe ɗaya. Ɗan kwastan ya shinshina ƙullin yajina, ya yi atishawar da aka ji har Faransa. Kwana tara muna fama da dafaffen dankali da kabeji, har wandona ya fara zamewa. Kaza nake mafarki, wallahi.

Catford

Ran Lahadi Dokta Sani, wani likita Bazazzagi, ya gayyace mu gidansa da ke unguwar Catford. Minti arba'in a bas ta Old Kent Road, muna ta gardamar nan har cikin falo. Maiɗakinsa Hajiya Binta ta gaji da mu. Kun san Zazzagawa da tsokanar Kanawa.

Ta ce, "Na yi deciding. Tuwo majalisar wakilai ne, kowa da malmalarsa. Kajin nan biyu kuwa majalisar dattijai: Kano ɗaya, Neja ɗaya."

Jama'a! Ƙarti shida a kan kaza ɗaya. Kafin in gama bisimilla, wuya kaɗai ya rage min. Ga Ndagi can da cinyoyi biyu, mai na gangara masa har gwiwar hannu. Kowace loma tasa a maƙogwarona take tsayawa.

Na ce, "Ɗan'uwa, ba a taimakon babbar jiha?"

"Kawo ƙudiri, Alhaji, za mu duba."

Da ya gama dubawa, ƙashi ya miƙo min.

Gida

Bayan mako uku muka sauka Kano lafiya, ƙarfe shida na yamma, alhamdulillahi. Ina gode wa Dokta da Hajiya. Ndagi kuwa, ni da shi sai a Lahira. Uwargida ta soya min kaza, yara tara suka kewaye ni. Na ɗauki kwanona, na shige ɗaki, na sa sakata. Na ce musu yau ni ne jihar Neja.