Landan, Azahar Zuwa Lisha

Innarmu ba ta taɓa shiga jirgin sama ba, amma duk Soron Ɗinki babu wanda ya kai ta sanin nisan Kano da Landan, a ganinta dai. Ranar da yayana zai gudu Landan, sojoji na nemansa saboda abin da yake rubutawa a jarida, ya ce mata tafiyar awa shida ce. Ta ce ya bar ta da awa, ya faɗa mata da salla. Ya ce in ya tashi da azahar, da lisha ya sauka. Shi ke nan ta riƙe. Duk wadda ta shigo jaje sai Inna ta ce, "Ai kusa yake. Mai zuwa Maiduguri a mota ma ya fi shi nisa."

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula ciwo ya kwantar da ita. Na je gidan wani Alhaji mai tarho a Ƙofar Nassarawa na kira Yaya. Ya ce bari a rantsar da sabuwar gwamnati tukuna. Aka rantsar, ya ce bari ya ga kamun ludayinsu. Na ji haushinsa, har yau ma ina ji. Inna kuwa ta hana ni matsa masa. "Mene ne na gaggawa? Ranar da na ji jikin ya ƙi, sai ki kira shi da safe."

Wata Laraba a farkon damina ta ce in je in kira shi. Na tarar da layi a gidan tarho, na jira, na samu, ya ce ga shi nan. Da na dawo tun daga bakin lungu na ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ni da ke Kano ma ban riske ta ba.

Na durƙusa gaban Kawu, ƙanenta, a zaure. "Kawu, don Allah a bari zuwa lisha. Yana hanya."

"Ba a ajiye mamaci don wani yana hanya," in ji shi. "Kuma kada ki sake kiransa. Matafiyi ba a faɗa masa mutuwa, sai ya sauka."

Ana idar da azahar aka kai ta.

Awa shidan gaskiya ce, sai dai ranar babu jirgin Kano, washegari ma babu. Ta Legas ya zagayo. Ya iso ranar sadakar uku da jakar magunguna da bargo sabo a leda, ya tarar da mutane zaune a kan tabarmi. Ba sai an faɗa masa ba.

Kawu ya raka shi maƙabarta. Ruwan da aka yi ta yi ya kwantar da sababbin kaburbura, ya ture tukunyar da aka sa alama. Kawu ya ce ko wannan ne ko wancan. Yaya ya yi addu'a a kan duka biyun.

Da yamma ya same ni a ɗakin Inna, ya tambaye ni me ta ce na ƙarshe. Na so in yi masa sauƙi, zuciyata ta ƙi.

"Cewa ta yi in na dawo in ƙara gari a tuwon dare, da lisha za ka iso."