Mai Tsiren da Ba Ya Ɗanɗanawa

Duk wanda ya taɓa jiran mota a Gare ta Parakou ya san Tambaya mai tsire. Fawa gadonsa ce, kuma a gidansu ƙa'ida ce: kafin ka miƙa wa mutum nama, sai ka ɗauki yanka ɗaya, ka dangwala a yaji, ka jefa baki a gabansa. Shaidar ke nan cewa naman ba kwantai ba ne.

Sai ƙodojinsa suka lalace. Ƙanwarsa Mubaraka, mai sayar da atamfa a Djougou, ta ba shi tata ɗaya, aka yi dashen a ƙasar waje. Ya dawo da ƙwayoyin da zai sha muddin ransa, don kada jikinsa ya yaƙi baƙuwar ƙodar. Likita bai ɓoye masa ba: maganin yana matse jijiyoyin da ke kai wa ƙoda jini, ita kuma sai ta ɗauka jini ya yi ƙaranci, ta saki sinadarin da ke sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa. Daga nan sai hawan jini, wato tansiyo, shi kuwa ƙoda yake ci. Aka ƙara masa wani magani, aka ce ya yi sallama da gishiri da dunƙule.

Tambaya ya daina ɗanɗanawa, don yajin tsire cike yake da su biyun. Direbobin Gare kuwa, ba su da aiki sai sa ido. Wai mai naman da ke gudun namansa, akwai lauje cikin naɗi. Masu saye suka janye. Ni da na daɗe ina sayen tsirensa, abin ya ba ni haushi, don mutanen nan sun san labarin ciwonsa.

Kawunsa Mourtala ya zo takanas daga Djougou.

"Tunda ƙwayar ce ke ta da maka tansiyo, yar da ita ka ci namanka kamar ubanka!"

"Kawu, Allah ya huci zuciyarka, ba zan yar ba. Ƙodar Mubaraka ce. Ba don in dafa ta da gishiri ta ba ni ba."

Ya ci gaba da hura wutarsa, ko an saya ko ba a saya ba.

Labari ya kai wa Mubaraka. Wata Laraba ta sauko daga motar Djougou, ta ratsa direbobin, ta zari tsinke daga tukuba, ta tsoma shi a yaji har wuya.

"To, ku buɗe idanunku! In guba ce, ni zan fara mutuwa."

Ta kai baki ke nan Tambaya ya fizge tsinken. Idonsa ya kawo ruwa.

"Su tafi duka in sun ga dama," in ji shi. "Ke ma fa ɗaya ta rage miki."