A Dawo Min da Sandata

"Baba, ga gwanayen bugun baseball na bara," in ji surukina Dakta, yana nuna min talabijin a falonsa na Erdington.

Wani ƙato ya kai wa ƙwallo duka, ya kuskure. Ya sake, ya kuskure.

Na ce, "Wannan ne gwanin?"

Ya ce, "Ai Baba, ko best ɗinsu, kuskurensa ya fi dacensa yawa."

To jama'a! Tunda council ta daina turo masu maganin ɓera, ni nake farautar ɓerayen a kicin. Sau ɗaya tak na kuskure na fasa gilashin oven, 'yata ta ɓoye min sandata. Shi ana tafa masa, ni ina dafa bango.

Ban yi boko ba, amma ku faɗi gaskiya: wa ya kamata a ƙwace wa sanda?